Tarihin rabon gado: daga zaure zuwa takarda

Ɗan'uwa mai karatu, idan mutum ya rasu ya bar awaki uku da keke da ƴar gona, dole ne sai an je gaban alƙali kafin magada su ɗauki rabonsu? Tarihi zai ba ka amsa.

Tun kafin zuwan Nasara, a zaure ake raba ƙaramin gado. Dangi su taru, a kira malami da mai gari. A fara biyan bashin mamaci. A cika wasiyyarsa, amma kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Sannan a raba. Idan akwai ƴaƴa, matar mamaci tana da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Shaidu su ne takardar wancan zamani.

A shekarar 1903 Faransawa suka tsara shari'ar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma, amma suka bar gado a hannun al'ada. A 1926 aka mai da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Sannu a hankali wata irin dukiya ta ɓullo: albashi, fansho, kuɗin banki, fili mai takarda. Wannan dukiya ba ta jin maganar baki.

Bayan samun mulkin kai, dokar 16 ga Maris 1962 ta ce kotunan Nijar su bi al'adar mutane wajen gado. Dokokin 2004 da 2018 ba su kauce wa wannan hanya ba. Alƙali yana zama da masana al'ada a gefensa.

To, yau ina aka kwana? Dabbobi da tufafi da hatsi, ana raba su a gida idan kowa ya yarda. Amma banki ba ya sakin ko dala sai da takardar mutuwa, da takardar taron dangi, da takardar da kotu ta bayar mai nuna sunayen magada. Gona kuwa, tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitin filaye da ke rubuta rabon kowa.

Shaidu suna mutuwa, rubutu yana nan. Ran da za a raba gado a gidanku, ka ɗauki alƙalami. Ka karanta sunaye da kanka, kada a tsallake gwauruwa ko maraya.