Kala-azar da Iyakar Hujjar PKC

Wani ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin masu nazarin kala-azar, wai asirin cutar ya tonu tun da aka gano tana gurgunta sinadarin PKC a cikin fararen ƙwayoyin jini. A ganina an ɗora wa wannan bincike kayan da suka fi ƙarfinsa, musamman idan ana maganar ƙauyukan Hausawan Sudan, daga Mai Wurno kusa da Sinnar zuwa gaɓar kogunan Dindar da Rahad.

Tushen maganar ba abin jayayya ba ne. Nishizuka ya gano PKC a 1977, an kuma san cewa idan kalsiyam ya hau a cikin ƙwaya, PKC na kunna sinadarin da ke fitar da gubar kashe ƙwayoyin cuta. McNeely da Turco sun nuna a 1987 cewa LPG, rigar da ke lulluɓe jikin Leishmania donovani, ƙwayar da ke haddasa cutar, tana danne PKC.

Matsalar ita ce wannan riga ta lokacin shiga ce. Ƙwayar tana sanye da ita sa'ad da ƙudan yashi ya zuba ta a fata, amma da ta zauna a cikin fararen ƙwayoyin jini ta sauya siffa, sai ta tuɓe kusan dukkanta. Alhali siffar nan ta biyu ce ke kumbura saifa da hanta wata da watanni.

Mai kare ra'ayin zai ce Olivier da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa fararen ƙwayoyin jinin ɗan Adam da cutar ta riga ta zauna a cikinsu ma PKC ɗinsu ba ya amsa kira yadda ya kamata, hawan kalsiyam kuma ya raunana. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ta tilasta mini rage da'awata: naƙasar tana ɗorewa bayan an tuɓe rigar. Sai dai a kwalbar gwaji aka ga haka. Kuma ba duk dangin PKC ne ke jiran kalsiyam ba; alfa da beta suna jira, delta ba ruwansa. Wanda ya haɗa su a suna ɗaya ya tsallake rabin tambayar.

Abin da ya fi damuna yana ƙauye. Mutane da dama ƙwayar ta shige su ba su taɓa kwanciya ba, gwaji ne kaɗai ke nunawa. Da danne PKC ya wadatar, da ba a sami wannan bambanci ba. Da alama tamowa tana da hannu, haka ma kwana a baƙar laka mai tsagewa cikin itatuwan aduwa, inda ƙudan yashin Phlebotomus orientalis ke zama, kamar yadda 'yan ƙodago ke yi idan sun je yankan riɗi da dawa a Gadarif. Hujjar da ke hannu ta bayyana yadda ƙwayar cutar ke tsira a cikin farar ƙwayar jini ɗaya. Ba ta kai ga bayyana wanda zai kamu da zazzaɓin a gida ɗaya ba.