Kumburin Maraina

Kumburin maraina cuta ce da ke kama ɗan maraina ko bututun da ke naɗe a bayansa, wanda ke ajiye maniyyi. Galibi gefe ɗaya take kamawa, ciwon kuma yana ƙaruwa a hankali cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamominta sun haɗa da kumburi, zafi, jan fata, zazzaɓi, raɗaɗi lokacin fitsari, da fitar mugunya daga mazakuta.

A tsakanin maza 'yan ƙasa da shekara 35, cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, wato ciwon sanyi da kilamidiya, su suka fi haddasa ta. Ga waɗanda suka haura wannan shekaru kuwa, ƙwayoyin cutar mafitsara irin su E. coli ne kan gaba. Hangum da tarin fuka ma kan kawo ta. Ta sha bamban da gwaiwa, wadda yawanci ba ta ciwo.

Likita kan duba majinyaci, ya auna fitsari, wani lokaci ya ɗauki hoton maraina. Ana ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana 10 zuwa 14, tare da hutu da maganin raɗaɗi. Idan ta jima'i aka ɗauka, akan yi wa abokiyar zama magani. Jinkiri kan jawo taruwar mugunya ko raguwar haihuwa.

Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya kan nuna murɗewar maraina, wadda ta fi samun samari. Wannan na buƙatar tiyata cikin kimanin awa 6 kafin ɗan marainan ya mutu.