Halwa da Zikiri: Tarihin Horar da Jiki da Zuciya a Arewacin Zamfara

Halwa ita ce mutum ya keɓe kansa a ɗaki na wasu kwanaki, ya rage ci da barci da magana, ya duƙufa ga ambaton Allah bisa jagorancin shehinsa. Ita da wuridi da zikirin taro su ne hanyoyin da sufayen ƙasar Hausa suka daɗe suna bi don ladabtar da jiki, saboda zuciya ta samu natsuwa. A Larabce ana kiran wannan horo riyala, kalmar da Larabawan yau ke kiran wasannin motsa jiki da ita.

Asali

Sufaye kan kafa hujja da keɓewar Annabi (SAW) a kogon Hira, da darare 40 na Annabi Musa, shi ya sa cikakkiyar halwa kan kai kwana 40. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin ginshiƙanta huɗu a littafinsa Ihya'u: yunwa, raya dare, kame baki da nisantar jama'a. Hikimar a fili take. Cikin da ya cika yakan jawo barci, bakin da ya saki kuma yakan watsa hankali.

Ana danganta shigowar Ƙadiriyya, ɗariƙar Shehu Abdulƙadir Jilani na Bagadaza, ƙasar Hausa da malamai irin su Almagili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15.

Zamanin Shehu

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, Baƙadire ne, kuma ya karɓi wuridin Halwatiyya daga malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Ya shafe kusan shekara 5 yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, kafin ya koma Degel. Har aka riƙa kiran jama'arsa Ƙadirawa. Cikin masu goyon bayansa akwai Namoda, jagoran Fulanin Alibawa, wanda ya yi nasara a yaƙin Fafara kusa da Zurmi a 1806, kuma sunansa garin Ƙauran Namoda ke ɗauke da shi. Da birnin Alƙalawa ya faɗa hannun jama'ar Shehu a 1808, Ƙadiriyya ta zama ɗariƙar masu mulki da malamansu a duk yankin. Ba a bar mata a baya ba: Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke kai karatu da tarbiyya ga matan ƙauyuka.

Jirgin ƙasa da Tijjaniyya

Alhaji Umarul Futi ya zauna Sakkwato zamanin Muhammadu Bello, ya bar irin Tijjaniyya. Amma bunƙasarta a wannan yanki ta biyo layin dogo, wanda ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Fatake da masu awon gyaɗa da auduga sun riƙa zirga-zirga tsakanin Ƙaura da Kano, inda Faila, reshen Tijjaniyya na Shehu Ibrahim Inyas, ta kafu bayan haɗuwarsa da Sarki Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937. Zawiyoyi suka yawaita a Gusau da Ƙaura da Shinkafi. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a 1949 da 1956 an yi tashin hankali a gabashin lardin Sakkwato kan sabuwar ɗariƙar.

Yadda ake yi

Mai shiga halwa yakan nemi izinin shehi ko muƙaddami, ya yi alwala, ya zauna yana fuskantar alƙibla a ɗaki mai ƙarancin haske. Yakan yini da azumi, ya sha ruwa da ɗan abin da zai riƙe shi, ba ya fita sai don salla ko larura. Carbi ke riƙe masa lissafi.

Batijjane yana yin lazimi safe da yamma: istigfari 100, salati 100, hailala 100. Akwai kuma wazifa da ake yi a zagaye da farin ƙyalle, da zikirin Juma'a bayan la'asar. Ƙadirawa kuwa, musamman almajiran Shehu Nasiru Kabara na Kano, wanda ya rasu a 1996, sun shahara da bandiri da zikirin anfasu. A anfasu ana jera sahu, ana fitar da sunan Allah daga ƙirji tare da shaƙa da fesar da numfashi, jiki na rausaya a kan kari ɗaya, har harshe ya yi shiru zikirin ya koma zuci.

Suka da saɓani

Sheikh Abubakar Gumi, ɗan ƙasar Zamfara, da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, sun ɗauki yawancin waɗannan ayyuka bidi'a. Su kansu shehunnan ɗariƙa suna gargaɗi kan shiga halwa ba jagora, ko don neman abin duniya irin na masu tsibbu, saboda yunwa da rashin barci na iya taɓa hankali.

Kwatanci da yoga

Yoga ta Indiya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 21 ga Yuni tun 2014, ita ma tana aiki da zama da numfashi da tattara hankali. Albiruni ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci tun ƙarni na 11. Sai dai tushe da manufa sun bambanta: sufi ba lafiyar gaɓɓai ya sa gaba ba, yardar Allah yake nema, natsuwar kuma ta biyo baya. A yankin da rashin tsaro ya daɗe yana hana ido barci, wannan gado na koya wa zuciya zama wuri ɗaya ya cancanci a san tarihinsa, a kuma riƙe shi da ilimi.