Romon Sallah mai kauri: yadda ake haɗa shi da zabo, kaza ko talotalo

Duk shekara idan Sallah ta matso, tambaya ɗaya ce ke yawan zo mana daga iyayen giji: zabo ɗaya ne a hannu, bakin ci kuwa ya kai goma, yaya za a yi kowa ya ji ɗanɗanon nama? Amsar tana cikin romo. Mun tattara bayanin a nan domin mai bukata ya dawo ya duba duk lokacin da ya so.

Mene ne romo mai kauri?

Ruwan nama ne da aka ba shi jiki da ɗan gari, har ya kama shinkafa ko taliya maimakon ya gangara ƙasan kwano. Ya bambanta da farfesu, wanda ake sha tsararo, ya kuma bambanta da jar miya, wadda tumatur ke ɗauke da ita. Abu 3 ne ginshiƙinsa: ruwan da aka dafa ƙashi a ciki, man da ya rage bayan suya ko gashi, da gari. Idan ruwan ƙashin ya riga ya dahu, sauran aikin ba ya wuce minti 15.

Turawan Amurka da Ingila suna yin irinsa da talotalo, tsuntsun da asalinsa daga nahiyar Amurka ne. A Amurka ana cinsa a bikin godiya na Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, a Ingila kuma ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba. A nan wajenmu talotalo bai yawaita ba, kuma yana da tsada. Zabo shi ne namu, tsuntsun Afirka ne tun asali, kuma daga Korgom zuwa Kanembakashe da wuya a shiga ƙauyen da ba a jin kukansa. Hanyar dai ɗaya ce ga duka ukun.

Kayan da ake bukata, na mutum 8 zuwa 10

Wuya, kai, ƙafafu, bakin fukafukai, ƙundu da zuciya na zabo ko kaza, wato abin da aka saba bari wa yara.
Ruwa lita 1 da rabi.
Mai cokali 6, babban cokalin cin abinci. Man da aka soya naman a ciki ya fi. Idan bai isa ba a cika da man gyaɗa ko man shanu.
Garin fulawa cokali 6.
Albasa babba 1, tafarnuwa sala 4, citta, masoro, kimba kaɗan, kanumfari ƙwaya 2 ko 3.
Tattasai busasshe da aka daka, barkono gwargwadon bakin gida, daddawa ƴar kaɗan, gishiri.

Wadda ba ta da ma'auni ta tuna abu ɗaya: mai da gari daidai wa daida suke. Cokali nawa na mai, cokali nawa na gari.

Yadda ake haɗawa

Da farko ruwan ƙashi. A wanke kayan, a tsaga ƙundu a cire fatar ciki, a kula kada matsarmama ta fashe, domin ɗacinta ba ya fita ko an yi yaya. A zuba ruwa, a sa rabin albasar, tafarnuwa, citta da kanumfari. Idan ya tafasa a kwashe kumfar sama, a janye itace, a bar shi yana ɓararraka a hankali. Kaza na ɗaukar minti 40, zabo da talotalo kusan awa 1 saboda taurinsu. Hanta sai a minti 10 na ƙarshe, don daɗewa a wuta na sa ta ɗaci. A tace, ya kamata a samu kusan lita 1. Ana iya yin wannan tun da asuba, kafin a tafi idi.

Na biyu, tukunyar da aka soya naman. Kada a wanke ta. Ɗan ƙanzon nan mai launin ƙasa da ya manne a gindi, a nan daɗin yake. A rage man ya koma cokali 6, a soya sauran albasar har ta yi laushi.

Na uku, a barbaɗa garin cikin man a wuta ƙasa-ƙasa, ana juyawa ba tsayawa, minti 3 zuwa 4, har ya koma launin ƙuli-ƙuli ya fara ƙamshin gyaɗa soyayya. Nan ne wurin da ba a barin tukunya a tafi amsa sallama.

Na huɗu, a zuba ruwan ƙashin ludayi-ludayi. Ludayin farko zai sa ya dunƙule kamar tuwo, kada a tsorata, a ci gaba da burgawa ana kankare gindin tukunya. Da maburgi ya fi sauƙi. Idan ruwan ya shiga duka, a sa tattasai, masoro, kimba da daddawa, a bar shi ya tafasa minti 5 zuwa 8.

Na ƙarshe, a yayyanka ƙundu da hanta ƙanana a mayar, a ɗanɗana, sannan a sa gishiri. Alamar ya yi: a tsoma cokali, a ja yatsa a bayansa, idan layin ya tsaya bai haɗe ba, to a sauke.

Me ya sa yake kauri?

Cikin gari akwai sitaci, ƙwayoyi ƙanana da ke shan ruwa su kumbura idan sun ji zafi, kamar dai yadda kunu ke yi. Idan aka zuba busasshen gari kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, na waje ya dahu ya rufe na ciki, sai gudaji. Mai kuwa yana lulluɓe kowace ƙwaya ya raba ta da ƴar uwarta. Suyar kuma tana kore warin ɗanyen gari. Amma a sani, gwargwadon duhun da garin ya yi, gwargwadon raguwar ƙarfinsa na kauri.

Idan babu fulawa

Garin hatsi ko na dawa da aka tankaɗe da rariya mai laushi yana yi, ma'auni ɗaya, sai dai a ƙara masa minti 5 a wuta. Sitacin rogo ya fi ƙarfi: cokali 3 sun isa, ba a soya shi, a dama da ruwan sanyi a zuba daf da saukewa. Dakakken ƙuli-ƙuli ma yana ba da jiki, amma ɗanɗanon zai karkata wajen miyar gyaɗa.

Idan an samu matsala

Ya yi gudaji: a tace da rariya a mayar wuta. Ya yi kauri da yawa: a ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Ya yi ruwa: a bar shi a buɗe ya ƙara tafasa. Gishiri ya zarce: ƙarin ruwa da ɗan gari ne kawai magani. Garin ya ƙone ya yi baƙi: a zubar a sake, cokali 6 na gari bai kai a ɓata lita guda ta romo ba.

Maganar gishiri ta cancanci a tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Dunƙulen magi kuwa kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne. Idan akwai mai hawan jini a gida, a zaɓi ɗaya, ko magi ko gishiri, a bar daddawa da albasa su yi sauran aikin.

Ranar Layya

A Babbar Sallah, 10 ga Zulhajji, a nan Nijar mun saba shimfiɗa rago a kan sanduna a kewaye wuta da shi, sai washegari a yi rabo. Ranar farko kayan ciki ake ci, kuma romon nan yana tafiya da su sosai. A dafa wuya da ƙasusuwa awa 1 da rabi. Kitsen rago yana saurin daskarewa a baki, saboda haka a yi rabi kitse rabi man gyaɗa, a kuma kai shi da zafinsa.

Ajiya: inda haɗarin yake

Ba sabon abu ba ne a ga yara da zawo da ciwon ciki kwana ɗaya bayan Sallah, a ce ai nama ne ya yi musu yawa. Sau da dama abincin da ya wuni a ajiye ne. Romo mai kauri wuri ne da ƙwayoyin cuta ke so. Akwai wadda ƙwayayenta ba sa mutuwa da dahuwa, suna farfaɗowa su hayayyafa idan tukunya tana hucewa a hankali, kuma ba lallai a ji tsami ko wari ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a jihar Maraɗi, abin ya fi sauri.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko da sanyi ƙasa da digiri 5. Ga gidan da babu firigo, ma'anarsa ita ce a haɗa romon daf da ci, a yi daidai bakin gida. Idan za a ɗebi kwanon maƙwabta, ya tafi nan take. Wanda ya rage, a bar tukunyar a bakin murhu tana tururi, kafin a sake ci a tafasa shi sosai. Mai firigo ta raba shi a ƙananan kwanoni ya yi saurin sanyi, a cinye cikin kwana 2. Wuƙa da faifan da suka taɓa ɗanyen nama a wanke su da sabulu, kuma kada a sayi tsuntsu mai rashin lafiya don an ga araha. Yaron da zawo ya kama a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na likita, a kai shi gidan likita mafi kusa.

Ga ƴan uwa na nesa

Ku da ke Kano, Legas, Abijan, Aljeriya ko Libiya, kaza na hannunku, ma'aunin bai canza ba. Na Amurka da Faransa da ke gasa talotalo a tanda: ku tattara ruwan da ya tsatsafo a tire, ku bari man ya taso sama, ku ɗebi cokali 6 na suyar gari, sauran ruwan ku haɗa da na ƙashi. Naman kansa sai tsakiyar cinya ta kai digiri 74. Tunda kuna da ma'aunin zafi a kusa, ku yi amfani da shi. Ɗan ƙullin kimba da daddawar da aka aiko muku daga gida, wannan ce ranarsa.

Wadda ta gwada da garin hatsi ko wata dabara ta ƙauyensu, daga Urafan ne ko Sarkin Hausa ko Maijirgi, ta aiko mana saƙo mu karanta a shirin mata. Allah Ya kai mu Sallah lafiya, Ya maimaita mana.