Neman Modem a Ikeja, da Tarihin Wayar da Ta Haɗa Zango da Gida

  

Bayan babbar sallah da ta wuce aka sa ni cikin masu rabon gadon wani dattijonmu, Allah Ya jiƙansa. Ba sai na faɗi sunansa ba. Duk wanda ya haura shekara arba'in a Agege ya san shagonsa na waya da ke kusa da tashar jirgi, kuma da wuya a ce bai taɓa zama a bencin nan yana jiran a samo masa Kano ba. Cikin kayan da ya bari akwai wata tsohuwar kwamfuta, fara ce amma ta koma ruwan ƙasa, da gilashinta mai ƙatuwar ƙeya. Magada sun so a ba 'yan gwangwan. Sai uwargidansa ta ce a dakata, domin tun wajen 2000 Alhaji ya daina rubuta bashi a littafi, yaron shago yake sa wa ya zuba a cikin na'urar nan. To kun san ba a raba gado sai an fitar da bashi da wasiyya. Dole a buɗe ta.

Aka tayar da janareta, ta yi tari ta farka, Windows 98 ce a ciki. Da jikansa ya taɓa wurin wasiƙu sai wani ɗan akwati ya fito yana neman a buga lamba. Yaron ya ce, "Malam, modem take nema." Ni kuwa na ce abu mai sauƙi, ga Ikeja nan kusa.

Wallahi kwana uku na yi ina zarya a kasuwar kwamfuta ta Ikeja. Na bi Otigba, na shiga Pepple, na fita Ola Ayeni. Duk shagon da na ce ina neman modem sai a ce akwai, a miƙo min ɗan abin nan kamar yatsa da ake sa wa sim, ko ɗan akwatin aljihu mai raba intanet. In ce a'a, wanda ake haɗawa da wayar bango nake nufi. Wani yaro da bai fi shekara ashirin ba ya tambaye ni, wace waya ce ta bango? A nan na tsaya na yi shiru. Kasuwar da ake cewa babu kamarta a Afirka ta Yamma wajen kayan kwamfuta, ga shi ɗanta bai san an taɓa yin waya mai igiya ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta wannan tarihi tun masu tuna shi suna raye.

Kakanninmu goro ya kawo su nan. Da layin dogo ya isa Kano a 1911, tafiyar wata biyu ta koma ta 'yan kwanaki, Agege ta zama matattarar goro, Zango ya cika. Saƙo kuwa bakin mutum ne da takarda. Malami ya rubuta maka wasiƙa da ajami, ka ba mai tafiya a jirgi, daga baya direban motar goro ko ta shanu. In abin gaggawa ne, kamar rasuwa, sai gidan waya a buga tangaraho, ana biya kalma-kalma. Lokacin da na zo Legas ina saurayi, a 1988, kaset ne yake tashe. Mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya danna rikoda, ya gaida kowa tun daga mahaifiya har jaririn da aka haifa bayan tahowarsa, ya naɗe kaset ɗin da ɗan kuɗi ya ba direba. Bayan mako uku amsa ta dawo a bayan kaset ɗin. Wasu kuma sai su aika gaisuwa ta Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna.

Tarho akwai shi, amma na manya ne. An kafa NITEL a 1985, aka haɗa ɓangaren waya na tsohuwar P&T da kamfanin NET mai kula da kiran ƙasashen waje. Har zuwa 2000 layukan da ke aiki a duk Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a sun haura miliyan ɗari. Saboda haka wanda ya samu layi ɗaya a unguwa ya samu sana'a. Marigayi ya samu nasa a farkon shekarun 1990. Ya sa benci, ya sa agogo a bango, ya rubuta lambobin garuruwa a kwali: Kano 064, Kaduna 062, Katsina 065, Sakkwato 060, Zariya 069. Tsarin shi ne ka aika gida tukuna cewa ranar Lahadi bayan la'asar su je gidan wane mai tarho su jira. Ran nan ka zo ka bi layi. A buga, a ce hanya ta cika, a sake bugawa. In ta shiga, duk mutanen benci sun ji sirrinka, don sai ka ɗaga murya kamar kana kiran mutum a ƙetaren kogi.

A kan wannan igiyar ce intanet ta shigo mana. Hukumar NCC, wadda aka kafa a 1992, ta fara ba kamfanoni lasisin sayar da intanet a 1996, Linkserve ta fara aiki a Legas a 1997, wasu irin su Hyperia da Cyberspace suka biyo baya. Marigayi ba boko ya yi ba, amma ɗan kasuwa ne mai ido. Ya lura kiran Saudiyya ko Sudan na minti biyar yana cinye ribar yini, alhali ga iyaye da 'ya'yansu suke karatu a Madina da Khartoum da Azhar, ga masu hulɗa da Dubai da Kumasi. Sai ya sayi kwamfutar nan da modem, ya ɗauki wani yaro da ya gama sakandare.

Ga yara masu karanta wannan, modem ɗan akwati ne kamar ƙaramin littafi, mai jerin fitilu a gaba. Igiyar tarho an yi ta ne don muryar mutum, kwamfuta kuwa lissafi take magana da shi. Aikin modem shi ne ya mayar da lissafin ya zama ƙara, ya tura ta igiya, wani modem a can kamfanin ya mayar da ƙarar lissafi. Shi ya sa in zai shiga sai ka ji ya buga lamba, sannan ya ɗau wani kuka, ƙiii, shiiii, gwarr, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin garwa. Tsofaffi a benci har a'uziyya suke yi. Ashe ciniki na'urorin biyu suke yi, wannan ya ce zan iya gudu kaza, wancan ya ce hanya ba ta da kyau, rage, har su daidaita. Iyakar gudunsa shi ne abin da ake rubutawa 56k a jikin kwali, ma'aunin da aka tsayar a 1998, kuma a igiyoyinmu ba kasafai yake kaiwa can ba, balle da damina. Hoto ɗaya irin wanda kuke ɗauka da waya yanzu sai ya ci minti bakwai ko fiye. Karatun tafsiri na awa ɗaya da kuke turawa a WhatsApp kafin ku ajiye kofin shayi, a wancan lokacin sai ya fi awa guda yana sauka, in layin bai yanke ba.

Kuma kuɗi biyu ake biya, na kamfanin intanet da na tarho, ga shi muddin modem yana kan layi babu mai kira babu mai amsawa. Sana'o'in Alhaji biyu suka zama kishiyoyi a ɗaki ɗaya. Dabarar da ya yi ita ce ta motar goro. Da rana yaro ya zauna yana karɓar saƙon mutane yana bugawa ba tare da an hau layi ba. Bayan isha'i a buga sau ɗaya, a tura duka, a kwaso waɗanda suka zo, a kashe. Da safe a buga su a takarda a ninke, a rubuta suna a baya. Allon rubutun ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, don haka baƙi ya zama baki, ɗaki ya zama daki, ƙashi kuwa ba sai na faɗi abin da yake komawa ba. An sha dariya a bencin nan.

Shekarun ba su yi yawa ba. A Janairun 2001, zamanin Obasanjo, aka yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne, cikin Agusta Econet da MTN suka fara. Sim kaɗai ya haura naira dubu goma nesa ba kusa ba, minti ɗaya naira hamsin, amma lema da teburi suka cika bakin titi. Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, farashi ya karye. Shagunan kafe masu faranti a kan rufi suka ɗauke masu neman imel da masu cike takardun jarrabawa. An ɗan yi zamanin wayoyin tebur marasa igiya na Starcomms da Multi-Links, su ma ana hawa intanet da su. NITEL kuwa aka yi ta neman mai saye, Transcorp ta karɓa a 2006, gwamnati ta karɓe a 2009, daga ƙarshe NATCOM ta sayi kadarorin a kan dala miliyan 252, ta fito da ntel a 2016, ita ma ba da igiyar tagulla ba. Ban san ranar da tarhon Alhaji ya yi shiru ba. Shi ma ina jin bai sani ba, don ya riga ya mayar da shagon na sayar da katin waya da caji.

Mu koma Ikeja. A rana ta uku wani dattijo Inyamuri mai gyara a saman bene ya ce min in daina wahalar da kaina a shaguna, in je wurin 'yan'uwana masu bola. Gaskiyarsa. A wani fili ta wajen Katangowa, inda gwamnatin Legas ta daɗe tana cewa za ta mayar da kasuwar kwamfutar, na samu yaranmu suna fasa tsofaffin na'urori da guduma, tagulla gefe, alminiyam gefe, koren faifan ciki gefe, komai a kan sikeli. Na kwatanta musu. Wani ɗan Zamfara ya tona buhu ya zaro min shi, US Robotics, da ƙura, babu abin wutarsa. Ya ce irinsa sun fasa ba adadi. Na ba shi dubu biyu, yana ta mamakin abin da Malam zai yi da shi.

Na koma wa dattijon nan ina murna. Ya juya shi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Alhaji, ina layin da za ka sa? In ka samu layin, wa zai amsa a can?" Ya ce ko a Amurka, kamfanin AOL da ya fi kowa suna a wannan harka ya rufe ta a ƙarshen Satumbar 2025. Sannan ya ce abin da nake nema ba ya buƙatar modem ko kaɗan, yana cikin "had dis". Na ce hadisi kuma? Ashe ma'ajiyar cikin kwamfutar yake nufi. Kunya ta kama ni, kwana uku ina neman guga alhali ruwan yana cikin randa.

Muka kai masa kwamfutar, ni da babban ɗan marigayi da shaidu biyu. Ya kwance ma'ajiyar, ya haɗa ta da tasa, cikin rabin awa ga lissafin Alhaji ya fito, suna da kwanan wata da adadi. Waɗanda yake bi sun fi yawa, magada suka yafe wa mafi yawansu. Amma akwai ajiyar mutum uku da babu alamar an mayar. Biyu suna raye, sun tabbatar an ba su tuntuni, yaron ne bai goge ba. Na ukun ya koma gida a 2004 ya rasu can, naira dubu tamanin ya bari. Mun samo iyalinsa. Sai wata mas'ala ta taso: a 2003 dala tana wajen naira 130, yau ta haura dubu. Dubu tamanin ɗin za a mayar ko ƙimarta? Abin da na karanta a wurin malamaina shi ne ana biyan kuɗi da adadinsa. Sai dai na dubi marayun nan na ga adadin ba zai sayi abin da ubansu ya ajiye don shi ba. Na ba da shawarar sulhu, magada suka yarda suka ƙara da kyautatawa, Allah Ya saka musu. Wanda yake da wata fahimta cikin malamanmu, ina son in ji.

Abin da ban zata ba shi ne wasiƙun. Saboda dabarar nan ta kwaso saƙo a kashe layi, duk abin da ya shigo ya zauna a cikin na'urar. Waɗanda suka buɗe Yahoo a kafe a shekarun nan, yawancinsu sun manta mabuɗin, akwatin ya tafi da abin da ke ciki. Na shagon Alhaji kuwa suna nan, sun fi ɗari shida, daga 1999 zuwa 2004. Akwai ɗalibi yana roƙon kuɗin littafi, akwai sanarwar haihuwa ta yaran da yanzu su ma sun haifa, akwai maganar aure da ta yiwu da wadda ba ta yiwu ba. Da na gane abin da nake kallo na ce a rufe. Amanar mutane ce, marigayi bai taɓa karanta wa wani takardar wani ba, ba za mu fara a bayansa ba. Sunayen da ke sama kawai muka ɗauka.

Modem ɗin yana ofishin Islamiyya cikin kabad mai gilashi, na sa a rubuta bayaninsa a ƙasa, tare da tsohon tarhon shagon da iyalin suka bayar. Wasiƙun kuma an buga su an sa a ambulan an liƙe, kowa da nasa. Duk wanda ya san ya taɓa aikawa ko karɓar saƙo a shagon nan, ko mahaifinsa ya yi, ya same ni a masallaci ranar Asabar ko Lahadi tsakanin la'asar da magariba. Na wanda ya rasu, magajinsa ya zo da shaida ɗaya. Akwai ambulan goma sha ɗaya da ba mu gane masu su ba, sunayen suna manne a allon sanarwa.

Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya haskaka kabarinsa, Ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya.