Yadda Keke Ya Shigo Kano Ya Zama Jakin Kasuwa

A Turai keke ya daɗe da zama abin shaƙatawa. Tun 1878 Ingilawa suka kafa ƙungiyar masu yawon buɗe ido a kan keke, har gobe kuma mutum kan ɗauki hutu ya bi gaɓar teku yana taka feda daga gari zuwa gari. Mu a Kano neman abinci ne ya haɗa mu da shi.

Keken da muka sani, mai ƙafafu biyu daidai wa daida da sarƙa, John Kemp Starley ne ya fito da shi a Ingila a 1885, sannan a 1888 Dunlop ya kawo tayar da ake hura wa iska. Abin da ya rage shi ne hanyar da zai iso mana, ita ma ta samu da jirgin ƙasa ya shigo Kano a 1911. Kamfanonin Turawa suka jera kantuna da rumbuna daga tashar jirgi zuwa Fagge da Sabon Gari. Taragon da ya tafi Ikko da gyaɗa da fatu, shi ke dawowa da atamfa da kwanon rufi da keken ɗinki da na hawa. A wannan yanki ne Kasuwar Singa ta tsiro daga baya, sunanta ma da kamfanin keken ɗinki na Singer ake danganta shi.

Da fari keke abin hawan ma'aikata ne: akawu, masinja, duba-gari, malamin makaranta. Kuɗin gyaɗa ne suka kai shi ƙauye. Manomi ya sayar da amfaninsa da kaka, ya shigo birni ya koma da sabon Raleigh, wanda kowa ke kira Rali. Ba zai cire takardar da aka naɗe ƙarfen da ita ba sai ta gaji ta faɗi da kanta. Ya ƙara madubi biyu, ya yi wa sirdi riga mai geza, kullum da safe a goge shi da tsumma. Kasuwar keken ta yi ƙarfin da har Raleigh ya kafa masana'anta a Kano, ma'aikatan Bompai kuwa a kan keke suke cika titi safe da yamma.

Kuɗin Udoji, ƙarin albashin ma'aikata na 1975, su suka fara rage wa keke daraja, don duk wanda ya karɓi ariyas babur ya nufa. Da shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, Naira ta faɗi, masana'antu suka shiga durƙushewa, sai Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka maye gurbin Rali a hannun talaka. Acaɓa ta mamaye gari har Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana ta bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ta gaje ta.

Duk wannan juyi bai raba ɗan tireda da kekensa ba. A je bakin Singa da hantsi a gani. Ya sayi katan na taliya, da na sabulu, da rabin buhun sukari, ya ɗora a kariyar da mai walda ya ƙara wa rodi, ya ɗaure tamau da robar tsohon tub, ya rataya jarkar man girki a kan keken. In kayan sun rinjaye shi, sai ya sauka ya tura har ya fita daga cunkoso. Ribarsa a katan ba ta taka kara ta karya ba, kuɗin mota kaɗai zai cinye ta. Da irin wannan sufuri ne kayan Singa suke isa lungunan da mota ba ta shiga, kuma a ganina ba a taɓa ba shi matsayin da ya cancanta ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ma'aikata da ɗalibai da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu, masu faci sun sami ciniki. Sai dai titin da suka dawo ya canza. An faɗaɗa shi, an yi gadojin sama a Ƙofar Nasarawa da titin Murtala Muhammad, duk don mai mota. Mai keke da lodinsa sai ya raɓa gefen kwalbati, tirela a hagunsa, A Daidaita Sahu na danna masa oda ta baya.