Ƙwayar da Ta Ƙi Awo

A 1897, a ɗakin gwaji na Cavendish da ke Kambirij a Ingila, J.J. Thomson ya gano ilektaron cikin bututun gilashi da aka zuƙe wa iska. Nauyinta bai ba da wuya ba: ƙwayar haidurojin ta ninka ta kusan sau 1,800.

Girmanta ne ya zama ƙarfen ƙafa. Masana na farko sun ɗauke ta ƙaramar ƙwallo, har suka lissafa mata faɗi, amma gwaji bai tabbatar ba. A 1973 Hans Dehmelt da abokansa, a Jami'ar Washington, suka tsare ilektaron guda ɗaya tak cikin tarkon maganaɗisu da lantarki, suka yi ta aunawa. Ko gefenta ba su taɓo ba.

Har yau lissafin kimiyya ɗigo yake ɗaukarta, marar faɗi.